GARIN WAKEN SUYA: GWANGWANI NAWA YA ISHI MUTUM IDAN BABU NAMA?

A gidaje da yawa na Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da su, nama baƙo ne. Yakan shigo ranar suna ko biki ko da Sallar Layya, sauran ranakun shekara kuwa tuwo ne da miya, da kunu, da shinkafa da wake. Wasu kuma likita ne ya ce su rage jan nama saboda larurar da suke fama da ita, wasu tsofaffi haƙori ne ya hana su, wasu kuwa haka kawai ba sa son sa. Ko ma mene ne dalili, tambayar guda ce: shin mutum zai iya samun lafiyayyen jiki ba tare da nama ba?

Amsa ita ce zai iya, muddin ya san abin da zai maye gurbin naman, kuma ya san yawan da zai ci. Cikin abubuwan da Allah Ya hore mana a gonakinmu, babu wanda ya kai waken suya cike wannan gurbi. Sai dai yawancin masu amfani da garinsa a ido suke zubawa. Wata ta barbaɗa ɗan kaɗan a tukunyar mutum goma tana ganin ta gama gina iyalinta, wata kuma ta zabga da yawa har tuwo ya ƙi kamawa, ciki ya kumbura, maigida ya ce kada a ƙara kawo masa. Duka biyun rashin awo ne ya jawo.

BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

Asalin waken suya daga ƙasar Sin yake. An fara gwada shuka shi a Nijeriya a 1908 a Ibadan, aka kawo shi Samaru ta Zariya a 1928, sannan ya samu karɓuwa sosai a ƙasar Tibi ta Binuwai. Daga baya cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fito da irin da ya dace da ƙasarmu, nomansa ya bazu zuwa Kaduna da Kano da Jigawa. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa manoman wannan yanki ke shuka shi tare da dawa da masara da gyaɗa.

Abin lura shi ne da kaka ta yi, buhunan waken kan bi hanyar kasuwa, irin su kasuwar Sara, daga nan motoci su kwashe zuwa Kano a matse mai a yi abincin kaji. Abin da ya rage a gida, awarar sayarwa ake yi da shi. Alhali binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa fiye da yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ashe ke nan wani ɓangare na maganin yana fita daga rumbunanmu.

ME KE CIKINSA?

Sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, shi ne jiki ke amfani da shi wajen gina tsoka da jini, da warkar da rauni, da girman yaro. A cikin giram 100 na garin masara akwai furotin kimanin giram 9, gero da dawa kimanin 10 zuwa 11, farin wake kimanin 23, gyaɗa kimanin 25, ɗanyen jan nama kimanin 20. Garin waken suya kuwa, wanda ba a matse mansa ba, yana ɗauke da kimanin giram 35 zuwa 38, ga mai kimanin giram 20.

Ba yawan kaɗai ba ne abin dubawa. Furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai, kuma guda tara daga cikinsu jiki ba ya iya yin su da kansa, dole sai daga abinci. Hatsinmu na da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, waken suya kuwa yana da shi a wadace. Shi kuma waken yana da ɗan ƙarancin wani mai suna mesiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Wannan ne ya sa ba a ce a bar tuwo a koma cin waken suya ba, cewa aka yi a gauraya.

NAWA JIKI KE BUKATA?

A lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, babban mutum mai lafiya na bukatar furotin giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana bukatar kimanin giram 50, mai kilo 70 kuma kimanin giram 58. Mai juna biyu na bukatar ƙarin kimanin giram 9 a watanni ukun tsakiya, da ƙarin kimanin giram 31 a watanni ukun ƙarshe. Mai shayarwa na bukatar ƙarin kimanin giram 19 a watanni shidan farko.

Ba dukkan wannan ne zai fito daga waken suya ba. Hatsi da wake da gyaɗa da nono duk suna kawo nasu kason. Aikin garin waken suya shi ne ya cike giɓin da nama ya bari, wanda ga babban mutum bai wuce kimanin giram 20 ba a rana.

SIKELIN DA KE KOWANE GIDA

Gidaje ƙalilan ne ke da sikeli, amma babu gidan da za a rasa gwangwanin madara da cokali. Ga yadda awon yake idan garin waken suya zalla ne, busasshe, wanda aka tankaɗe:

Cokalin cin abinci a shafe: gari kimanin giram 5, furotin kusan giram 2.
Cokalin cin abinci da tozo: gari kimanin giram 10, furotin kimanin giram 3 da rabi.
Ƙaramin gwangwanin tumatir a shafe: gari kimanin giram 25, furotin kimanin giram 8 zuwa 9.
Gwangwanin madarar ruwa a shafe: gari giram 55 zuwa 60, furotin kimanin giram 20.

Abin riƙewa shi ne na ƙarshen. Gwangwanin madara ɗaya a shafe ya yi daidai da giram 100 na ɗanyen nama marar kitse, ko ƙwai uku, ta fuskar furotin. Shi ne rabon babban mutum ɗaya na yini guda, kuma ba a zama ɗaya ake cinye shi ba, rarraba shi ake yi tsakanin safe da rana da dare.

Wajen awo a kiyaye abu uku. Na farko, a zuba garin cikin gwangwani da cokali, kada a danna shi, kada a bubbuga, domin gari in an danna shi nauyinsa na ƙaruwa ƙwarai. Na biyu, a shafe bakin gwangwanin da bayan wuƙa. Na uku, a ware gwangwani guda a riƙa amfani da shi kullum, a daddaƙe bakinsa don kada ya yanki hannu, a wanke a shanya shi don kada ya yi tsatsa. Wanda ya samu dama ya kai gwangwaninsa cike da gari wurin mai sikeli a auna sau ɗaya, daga nan ya huta. Kwanon awo na kasuwa kuwa ba a dogara da shi a wannan lissafi, domin girmansa ya bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan.

UKU DA ƊAYA

Hanya mafi sauƙi ga uwargida ita ce ta haɗa garin tun daga niƙa: awo uku na hatsi, awo ɗaya na waken suya. Ko masara ce ko dawa ko gero, ƙa'idar ɗaya ce. Wannan haɗi na ɗaga furotin ɗin garin tuwo daga kimanin kashi 9 ko 10 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 16, kuma tuwon zai kama yadda aka saba. Idan waken ya wuce haka, tuwo kan yi laushi ya ƙi mulmuluwa, ɗanɗanonsa ya sauya.

A nan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Garin waken suya ya fi garin masara rashin nauyi. Idan aka auna gwangwani uku na garin masara da ɗaya na garin waken suya, a nauyi waken bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ya fi kusa da ɗaya cikin biyar. Amma idan aka auna su tun suna ƙwaya, nauyinsu ya yi kusa da juna, lissafin sai ya fita daidai. Saboda haka ya fi kyau a auna kafin a kai injin niƙa. Har ila yau haɗa su na taimaka wa mai inji, don waken suya zalla na da maiƙo, yakan liƙe.

Wanda ya ci abin da aka yi da gwangwani uku zuwa huɗu na wannan haɗaɗɗen gari a yini, ya samu rabonsa na waken suya ba tare da wani awo na daban ba.

SAI AN DAFA KAFIN A NIƘA

Ɗanyen waken suya na ɗauke da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin. Wanda ya ci ɗanyen gari zai sha kumburin ciki, kuma amfanin da yake nema ba zai samu ba. Zafin wuta ne ke kashe wannan sinadari. Ga yadda ake yi:

A tsince waken, a cire tsakuwa da ruɓaɓɓu da masu fumfuna. A ɗora ruwa ya tafasa sosai, sannan a zuba waken a ciki, a bar shi yana tafasa na minti 25 zuwa 30. Zuba shi kai tsaye cikin tafasasshen ruwa na hana shi warin gafin nan da ke korar mutane. A tsame, a zuba ruwan sanyi, a mutsuttsuke ɓawon ya taso a zubar. A shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da kaji da awaki, har ya bushe ƙarau. Sannan a ɗan soya shi sama-sama a kasko ba mai, har ya yi ƙamshi ya soma ja. Kada a bari ya ƙone, domin ƙonewa na lalata laisin ɗin da ake nema. In ya huce sai a auna, a haɗa da hatsi, a kai niƙa.

Kilo ɗaya na wake kan ba da kimanin gwangwani 15 na gari, wato rabon babban mutum ɗaya na mako biyu. Saboda man da ke cikinsa, garin ba ya jure ajiya, musamman da bazara. A niƙa abin da za a cinye cikin mako biyu zuwa uku, a zuba a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi. Idan warinsa ya sauya ko ya soma ɗaci, a zubar. Haka kuma dusar waken suya da ake sayarwa don abincin kaji ba a yi ta domin mutane ba, kada a saya don araha.

MISALIN ABINCIN YINI GUDA

Ga misali ga babban mutum mai nauyin kilo 60 wanda ba ya cin nama:

Da safe: kunu mai kauri da aka dama da gwangwani ɗaya na haɗaɗɗen gari. Furotin kimanin giram 11.
Da rana: shinkafa da wake, gwangwani ɗaya na shinkafa da rabin gwangwani na wake, tare da tumatir da albasa ko kwaɗon zogale. Furotin kimanin giram 22.
Da la'asar: kofi ɗaya na nono ko kindirmo. Furotin kimanin giram 8.
Da dare: tuwon gwangwani biyu na haɗaɗɗen gari da miyar kuka ko ta taushe, da daddawa da ɗan manja. Furotin kimanin giram 22.

Jimilla ta haura giram 60. Wannan ɗan rarar ba asara ba ce, domin jiki ba ya narkar da furotin ɗin tsirrai kamar yadda yake narkar da na dabbobi.

Idan gidan ba a haɗa garin da na tuwo ba, ana iya sa shi a miya. Cokali ɗaya da tozo ga kowane mutum, a dama da ruwa a zuba kamar yadda ake sa agushi ko gyaɗa a miyar taushe da ta alayyahu, a bari ya dahu. Ana kuma iya sa awo ɗaya cikin awo uku na garin ɗanwake. Ranar da aka ci awara sosai sai a rage garin, don duk abu ɗaya ne. Mai hawan jini ko mai ƙiba ya fi masa kyau ya sa awarar a miya maimakon soyayya, saboda tana shan mai.

Wanda bai saba ba ya fara da cokali biyu a rana, ya riƙa ƙarawa a hankali har mako biyu kafin ya kai gwangwani. Ta haka ciki zai saba, iska da kumburi su ragu.

MASU JUNA BIYU DA YARA

Mai juna biyu a watannin ƙarshe za ta iya cike ƙarin da take bukata da rabin gwangwani na garin a kan rabonta, da ƙwai ɗaya, da kofin nono, da cikin tafin hannu na gyaɗa. Wannan bai ɗauke mata zuwa awo ba, bai kuma maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta a asibiti ba.

Jariri daga haihuwa zuwa wata shida nonon uwa zalla yake bukata. Madarar waken suya da ake tacewa a gida ba ta zama madadin nonon uwa, kuma jaririn da aka dogara da ita wajen ciyar da shi na cikin haɗarin tamowa. Daga wata shida sai a fara kunu na haɗin uku da ɗaya, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A fara da cokali biyu zuwa uku na damammen kunu, sau biyu zuwa uku a rana, a ƙara a hankali zuwa rabin kofi. Daga wata tara a koma sau uku zuwa huɗu. Daga shekara ɗaya yaro na iya shan kusan kofi guda a zama ɗaya. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, domin cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da tsararo ruwa kawai ya sha. A ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yaro daga wata shida zuwa shekara biyu ya samu wani abu na dabba kullum, ko ƙwai ko kifi ko nama, don haka ko manya sun haƙura, kada a haƙurar da yaro. Garin busasshen kifi cokali ɗaya a kunu ko fate na yin aiki babba.

ABIN DA WAKEN SUYA BA ZAI BA KA BA

Bitamin B12 babu shi a waken suya, babu shi a hatsi ko ganye. Rashinsa na jawo ƙarancin jini, da jin ƙafafu da hannaye sun yi dindiris, da yawan mantuwa. Ana samun sa a nono da ƙwai da kifi. Wanda ba ya cin komai na dabba ko kaɗan, lalle ya gaya wa likita don a rubuta masa ƙwayarsa.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini akwai shi a waken suya, amma jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi. Abin da ke taimakawa shi ne a ci shi tare da mai bitamin C, kamar lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaiba, mangwaro ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa hana zuƙar sa yake yi, sai a ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci.

Bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki, sai a nema a manja da karas da kabewa da zogale da alayyahu. Gishiri kuma a riƙa sayen mai sinadarin aidin, wanda ke hana maƙoƙo.

WAƊANDA ZA SU FARA TUNTUƁAR LIKITA

Mai ciwon ƙoda kada ya bi wannan awo da kansa. Waken suya na da yawan fotasiyam da fosfaras, waɗanda ƙodar da ta raunana ba ta iya fitarwa, kuma taruwar fotasiyam a jini na iya taɓa zuciya. Mai shan maganin maƙoƙo na kullum ya ba da tazarar awa huɗu tsakanin maganin da abincin waken suya, domin yana rage shigar maganin jiki. Wanda ya ga ƙaiƙayi ko borin jini, ko kumburin leɓe, ko numfashi na yi masa wuya bayan ya ci, ya daina, ya garzaya asibiti. Mai ciwon sukari kuwa haɗin zai amfane shi, amma kada ya ɗauka tunda an sa waken suya ya samu lasisin ƙara malmala, kashi uku cikin huɗu na tuwon har yanzu hatsi ne.

Akwai kuma jita-jitar cewa waken suya na rage wa maza ƙarfi. Masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan haka a 2010, suka sake tattarawa a 2021, ba su ga ya rage sinadarin mazakuta a jinin maza ba. Gwangwani ɗaya a rana ba abin fargaba ba ne.

KAFIN A ƊAURE BAKIN BUHU

Magidanci mai noma ya yi lissafi da kaka tun kafin dillali ya iso. Babban mutum ɗaya na bukatar kimanin kilo biyu a wata. Gida mai manya huɗu da yara huɗu, in an ba yara rabin rabon manya, na bukatar kimanin kilo 12 a wata, wato buhu ɗaya da rabi mai kilo 100 a shekara. Wannan ya kamata a fara warewa, sannan a sayar da saura. Wanda ba ya noma ya saya da kaka lokacin da yake da sauƙi, ya adana shi a ƙwaya a busasshen wuri, don ƙwaya ta fi gari jure ajiya.

Duk mai larura da ke son a tsara masa abinci daidai da nauyinsa da ciwonsa, ya yi magana da likitansa ko masanin abinci ranar da ya zo asibiti, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko a asibiti mafi kusa da shi. In da hali ya zo da gwangwanin da ake awo da shi a gida, domin a yi lissafin a kansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, amin.